Kunnuwan Sakatariya

Mijina mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ke nan yana zaune a shago ɗaya, ƙofa uku daga gidanmu. Ɗan ɗaki ne wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalayen ashana cike da ƙananan kusoshin da sai da hantsaki ake ɗaukar su, sai agogon bango goma sha wani abu, kowanne da lokacin da ya ga dama yake faɗa. Duk layin Mai Agogo ake ce masa. Ni kuma Malama, don na koyar a firamare har na yi ritaya.

Mutum ne da ba a taɓa masa tebur. 'Ya'yanmu huɗu sun tashi sun san bakin ƙofar shagon nan ne iyakarsu. Shi ya sa ranar da na kai masa shayi na tarar da 'yar kyanwa fara sol kwance cikin kwalin batir a kan teburin, sai na tsaya da kofi a hannu ina kallon ikon Allah. Ya ce a ƙarƙashin wata matacciyar mota ya tsince ta, kuma zuwa gobe zai nema mata gida. Wannan goben yau shekararta tara.

Masu kawo gyara ne suka sa mata suna Sakatariya, domin ita ke fara tarbar mutum. Sai ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, kamar za ta tambaye shi ko oga ya san da zuwansa. Da ta girma ta fi ƙarfin kwali, Malam, wato mijin nawa, ya samo katako ya goge shi, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya kafa mata a bakin taga. Tagar ba ta da gilashi, ƙarafuna ne kawai da marfin katako, kuma tun safe yake buɗe ta saboda hayaƙi. Rana na faɗowa kan katakon nan daga hantsi har bayan azahar. Nan Sakatariya ke miƙe ƙafa ta wuni, kunnuwanta sun yi ja saboda haske, har kana ganin jijiyoyin ciki.

Hayaƙin da nake faɗa na sigari ne. Tun kafin mu yi aure yake sha. Shekara talatin da huɗu ina magana: na yi lallashi, na yi fushi, na ɓoye ashana, na haɗa shi da yayarsa, na sa 'ya'ya sun yi masa taro. Amsarsa ɗaya ce, wai kawunsa ya sha taba har ya shekara casa'in, kuma da ƙafarsa ya je asibitin da ya rasu. A ƙarshe na gaji na sa masa ido, illa dai na hana shi sha a ɗakin kwana.

Maƙwabcin shagonsa mai fentin motoci ne, kuma amininsa na shekara ashirin. Malam ya girme shi, don haka Yaya yake ce wa Malam ɗin. Kullum da safe kafin su fara aiki sai sun zauna a benci ɗaya sun sha shayi suna musu a kan abin da bai shafe su ba.

Abin ya fara ne da ɗan ɓawo baƙi a gefen kunnen Sakatariya na dama. Muka ce faɗa ta yi da kyanwowin layi. Na shafa mata man da nake shafa wa jikoki in sun ƙuje, ɓawon ya faɗi, bayan mako biyu ya dawo. Haka aka yi ta yi wata da watanni. Sannu a hankali gefen kunnen ya fara lanƙwashewa yana cinyewa kamar takardar da wuta ta lasa, in ta sosa sai jini ya ɗiga a kan bargo. Sai na hagu ma ya soma.

A daidai lokacin ne Mai Fenti ya sayi sabon injin feshi, aiki ya yi masa yawa, warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya cika layin. Wata rana Malam ya ga ɗigo-ɗigon shuɗin fenti a bayan kyanwar. Shi ke nan, ya gama shari'a shi kaɗai. Ko gilashin aikinsa bai cire daga goshi ba ya fita, ya samu Mai Fenti yana tsaye da wani mai mota, ya zazzage masa ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce gubarsa ce ke cinye masa dabba, ya ce mutum ya zauna yana kashe maƙwabta da sunan neman abinci. Waɗanda suka ga abin sun ce Mai Fenti bai rama ba. Ya dai goge hannu da tsumma, ya ce, "Yaya, Allah ya ba ta lafiya," ya juya ciki. Daga ranar benci ya zama na ƙura.

Autarmu ce ta matsa a je wurin likitan dabbobi. Ta zo hutun ƙarshen mako, ta ga kunnen, ta ce wannan ya wuce man shafawa. Uban ya ce shi bai taɓa ganin an ɗauki kyanwa an kai asibiti kamar mai naƙuda ba. Ta ce to zai gani a kansa. Ta aro kwando mai marfi, ta sa mu a mota ta sauke mu a ƙofar wurin, ita ta wuce wurin aikinta.

Ɗakin jira ƙarami ne, da kujerun roba da sikeli a ƙasa, da warin maganin goge daɓe. Akwai wani mutum da zakara a hammata, da wata mata da zomo cikin kwali. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, bayan hannunta duk tabon yakushi. Ta ɗora Sakatariya a kan teburin ƙarfe, ta bar ta ta sunsuna yatsunta tukuna, sannan ta haska kunnen da 'yar tocila. Ta latsa ƙarƙashin haɓa da wuya, ta buɗe baki ta duba harshe da dasashi, ta daɗe a kan hancin.

Kafin ta ce komai Malam ya riga ta. Ya ce ba sai ta wahalar da kanta ba, ya san abin da ya jawo, fenti ne. Ya kwashe labarin injin feshi da shuɗin ɗigo ya faɗa mata. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce tana zargin ciwon daji ne na fata, amma ba za ta rantse ba sai an yanki ɗan ƙanƙanin nama an kai ɗakin gwaji.

Ni dai ban san dabba na yin ciwon daji ba, na kuma faɗa mata haka. Ta ce suna yi ƙwarai, kamar mu. Wani lokaci tsufa ne ko gado, ba wanda zai iya nuna dalili. Wani lokaci kuma daga waje abin yake zuwa. Akwai wata ƙwayar cuta, irin wadda ake kira bairos, da kyanwowi ke ɗauka a junansu ta miyau, wajen cizo ko cin abinci a kwano ɗaya, takan zauna a jini shekaru sannan ta jawo ciwon daji, don haka za ta ɗebi jini ta duba. Ta ce sinadarai ma na iya jawowa, shi ya sa ba ta watsar da maganar fentin ba. Malam ya dube ni da ido irin na wanda alƙali ya ba gaskiya.

Sai ta tambayi inda kyanwar ke wuni. Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ciro waya ya shiga nuna mata hotuna: ga katakon, ga bargon, ga Sakatariya ta yi ɗai-ɗai cikin rana kamar matar gwamna. Ya ce da hannunsa ya yi mata, ya auna inda rana ta fi faɗowa don ya san tana son ɗumi. Likita ta ƙura wa hoton ido, ta tambayi awa nawa take yi a wurin. Ya ce biyar ko shida, kullum, shekara takwas. Ta gyaɗa kai kawai ta miƙa masa wayar. Ni da na yi shekaru ina karanta fuskar yara a aji, na san akwai magana a bakinta ta haɗiye.

Da ta sunkuya za ta ɗebi jinin, hancinta ya kusa taɓa gashin kyanwar. Ta ɗago ta ce, "Baba, wa ke shan sigari a gidan?"

Na ce, "Ni dai ba ni ba ce."

Malam ya ce ai taga a buɗe take. Ta ce to, za su yi maganar in sakamako ya fito.

Kwana takwas muka jira. A kwanakin nan Malam bai da sukuni. Mutumin da ke zare gashin agogo ba tare da hannunsa ya motsa ba, sai ga shi ya ɓatar da kusa uku a rana ɗaya, yana rarrafe a ƙasa da maganaɗisu yana nema. Abinci sai ya tsakura ya ture. In ya fito ya hangi Mai Fenti sai ya kau da kai. Sigari kuwa ya ninka, wai don hankalinsa ya kwanta.

Ranar da muka koma, Likita ta ba mu kujeru a ofishinta, ta fara da mai daɗin. Jinin lafiya lau, babu bairos, kuma akwai allurar rigakafinsa da za ta yi mata daga baya. Sannan ta ce gwajin ya tabbatar ciwon daji ne, amma irin wanda ke daɗewa a wuri ɗaya kafin ya bazu, kuma ba ta ga alamar ya bazu ba. In aka yanke fatar kunnuwan biyu tun daga tushe, tana kyautata zaton an rabu da shi. Malam ya tambaya ko za ta kurmance. Ta ce a'a, ji a can ciki yake, abin da za a cire kamar marfi ne kawai.

Ya ce, "To, fentin ne ko?"

Ta ce, "Rana ce, Baba."

Ta yi masa bayani a hankali. Farar kyanwa ba ta da launin da ke kare fata daga zafin hasken rana, kuma gefen kunne da hanci gashinsu ba shi da kauri. Rana na ƙona wurin yau da gobe, fatar na warkewa tana sake ƙonewa, har wata rana ta rikice. Ta ce irin wannan ciwon, a irin wannan wurin, a jikin farar kyanwa, kusan kullum rana ce.

Malam ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ashe katakon da na kafa mata ne."

Likita ta ce bai yi don cuta ba, kuma mutane da yawa ba su sani ba, ita kanta sai a makaranta ta sani. Ta ce abin da ya wuce ba ta da maganinsa, amma akwai wanda bai zo ba tukuna, shi take so su yi magana a kai. Ta tashi ta ɗauko auduga, ta jiƙa da ruwa, ta goga a bayan Sakatariya sau uku, ta ajiye a gabansa a kan farar takarda. Audugar ta koma ruwan ƙasa, kalar haƙoran Malam. Ta ce hayaƙi ba ya fita taga duka, yana sauka a bango da tufafi da gashin dabba. Kyanwa kuwa rabin wuninta lasar jikinta take yi. Duk abin da ya sauka a gashin, a harshenta yake ƙarewa. Ta ce masu bincike sun lura kyanwowin gidan da ake shan taba sun fi kamuwa da ciwon daji na baki da na ciki.

"Kunne zan iya yankewa, Baba," in ji ta. "Harshe ba zan iya ba."

Kafin mu fita ta koma kan fentin. Ta ce ba shi ya ci kunnen ba, amma ba abin shaƙa ba ne, a hana kyanwar shiga garejin. Ta ce wanda ya fi ba ta tsoro shi ne mai feshin kansa, ko yana sa takunkumi mai matata? Malam ya ce tsumma yake ɗaurawa a hanci, in ya tuna.

An yi aikin ranar Talata da safe. Muka zauna a kujerun roba awa biyu. Malam ya fita waje sau huɗu, ina hango shi ta taga yana ciro kwalin sigari, ya zaro kara, ya juya shi a yatsu, ya mayar. A na huɗun ya dawo ya jefa kwalin cikin jakata, da ashanar. Ban yi murna ba, don na sha ganin irin wannan. Sau uku a rayuwarmu yana ba ni kwali, sau uku yana sayen wani kafin la'asar.

Da aka fito da ita sai da na kama bakina. Kai ya zama dunƙulalle kamar ƙwallo, ga zare baƙi a jere inda kunnuwa suke a da, ga wata roba kamar mazurari a wuyanta don kada ta sosa. Idonta a lumshe saboda allurar barci. Malam ya sa yatsa ta ƙofar kwandon ya kira ta, sai ta juyo da kan nan nata wajen muryarsa. Ya ce, "Tana ji, Malama." Ya juya ya fuskanci bango yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Aka dawo da ita gida, don Likita ta ce kada ta koma shago sai an wanke shi. Auta ta zo da bokiti da burushi, muka yi kwana biyu muna wanke bango. Ruwan da ya riƙa gangarowa kamar shayi. Ashe bangon shagon nan fari ne, ni duk zatona ruwan ɗorawa aka shafa masa. Malam da kansa ya ɓalle katakon taga ya mayar da shi can ƙuryar da rana ba ta kaiwa.

Barin sigarin bai zo da sauƙi ba, kada wani ya ce na yi masa ado. Makon farko ya zama kamar kunama, kowa ya taɓa sai ya harbe shi. Ya yi faɗa da mai kawo ruwa, ya yi faɗa da rediyo. A mako na biyu na kama shi a bayan gida yana zuƙa, ya cire riga ya rataye a nesa don kada hayaƙi ya kama ta, da ya gama ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya shigo ya ɗauki kyanwar. Na tsaya ina kallonsa ta tagar kicin, sai na ji wani haushi ya taso mini. Ban san yana nan ba sai ranar.

Da ya zauna na ajiye masa abinci, na zauna a gabansa. Na ce, "Baban Auta, ni ma fa a cikin hayaƙin nan na shekara talatin da huɗu. Cikin 'ya'yanka huɗu na yi a cikinsa. Ba wanda ya taɓa jiƙa auduga ya goga a jikina ya nuna maka. Ba ka taɓa cire riga saboda ni ba."

Na yi zaton zai kawo maganar kawunsa. Bai kawo ba. Ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon tabarma. Har na yi nadamar faɗa.

Washegari da safe na fito na gan shi ya yi wanka ya sa kayan fita, shago a rufe. Ya ce in shirya, asibiti za mu je, na mutane. Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce haka ita ma Sakatariya take cewa. A hanya, muna zaune a bayan mota, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki yafe mini, Malama. Ina jin ki duk shekarun nan. Tsoro nake ji in sake gwadawa in kasa a gabanki."

Aka ɗauki hoton ƙirjinmu mu biyu, aka sa mu hura iska cikin wata na'ura. Nawa ya fito lafiya. Nasa likitan ya ce huhun ya gaji, hanyoyin iska sun ƙuntata, amma bai ga ƙari ba. Ya ce in ya tsaya yanzu, abin da ya rage zai ishe shi ya ga auren jikoki. Ya rubuta masa wani abu da ake liƙawa a dantse don rage ƙwaɗayin tabar, ya ce ya dawo bayan wata shida. Duk da haka sai da aka yi wata huɗu ana tashi ana faɗuwa kafin ya sha karansa na ƙarshe. Ya koma tauna tsinken sakace, ya cinye mini kwali nawa ban sani ba.

Saura Mai Fenti. Wannan ta fi masa sigari wuya. Kullum sai ya ce gobe. Sai da na ce in bai je ba ni zan je in ba da haƙuri a madadinsa, a gaban mutane, in kuma faɗi cewa ya aiko ni ne don kunya. Ranar ya shiga kasuwa ya sayo takunkumi irin mai gwangwani biyu a gefe, ya sa a leda, ya ɗauki Sakatariya a kafaɗa, ni kuma na bi shi a baya don kada ya canza hanya.

Muka samu Mai Fenti yana goge ƙofar wata mota. Malam ya yi sallama, ya tsaya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya ce likita ta ce rana ce, ba fenti ba. Ya ce ya yi masa ƙazafi a gaban baƙo, kuma shekara ashirin ba ta cancanci haka ba. Ya miƙa ledar, ya ce likitar ta ce a ba shi wannan, wanda ƙarya ce, amma na bar shi.

Mai Fenti bai karɓi ledar nan da nan ba. Idonsa na kan kyanwar. Ya dube ta, ya dubi Malam, leɓensa na rawa, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa mota. Ya ce, "Yaya, wannan ai ka kawo mini ita ne gyaran bodi. Wa ya cire mata madubin gefe?" Malam ya so ya ɗaure fuska, ya kasa.

Da dariya ta lafa, Mai Fenti ya ce maganar ta yi masa zafi, har matarsa ta ce ya tashi daga layin. Amma ya ce shi ma ya yi ta tunani, don ya kwana biyu yana tari, in ya fyace hanci sai ya ga kalar motar da ya fesa. Ya gwada takunkumin a take, ya yi magana a ciki muryarsa kamar daga rijiya. Bayan mako guda ya kewaye wurin feshinsa da labulen roba mai kauri, ya kuma zo da tsani da ragowar kwanon rufi ya yi wa tagar Malam rumfa, ya fesa mata kore. Ya ce kada a gode masa, don Sakatariya ya yi, ba don ogan ba.

Gashi ya rufe tabon cikin wata biyu. Mutane sun saba da kan, har wasu na cewa ya fi mata kyau. Wata mata da ta kawo gyaran agogon mijinta ta tambayi abin da ya sami kunnuwan, da Malam ya gaya mata sai ta ce ai su ma suna da fari a gida, kuma hancinsa na yin ɓawo. Ya ajiye aikin da yake yi, ya zana mata hanyar asibitin a bayan takarda, ya ce kada ta tsaya shafa mai kamar yadda wasu suka yi. Wasun nan ni ce, ina zaune a wurin. Daga baya matar ta dawo ta ce an kama nasu da wuri, ko yanka ba a yi ba.

Wata goma bayan aikin muka mayar da Sakatariya a duba ta. Likita ta latsa wuya, ta haska hanci, ta buɗe baki ta leƙa har maƙogwaro. Ta ce ba ta ga komai ba, a dawo bayan wata shida, a kuma ci gaba da lura da hancin. Ta sunkuya ta sunsuna gashin, ta ɗago ta dubi Malam, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ya yi ta murmushi har muka iso gida, kamar an ba shi lambar yabo.

Da rana na zuba masa abinci. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya sake kai wata yana juya ta a baki. Ya tambaya ko hannuna ya zarce ne wajen gishiri. Na ce yadda nake sawa kullum haka na sa. Ya ce ba zai yiwu ba, wannan ai sai ka ce an dafa da ruwan teku. Na kira Auta a waya na sa ta a lasifika, na ce ta faɗa wa ubanta gaskiya. Ta yi dariya har tana tari. Ta ce tun suna yara suke shan ruwa kofi uku-uku a kan abincina, domin Baba ne kullum ke cewa ba gishiri, ni kuma ina ƙarawa. Harshensa ne taba ta kashe, yanzu ya farfaɗo.

Malam ya ce to a rage. Na ce sai dai a hankali, ni ma na saba. Ya ja kwanon gabansa, ya cika kofi da ruwa, ya cinye tas.